Suna Ɗaya, Yatsa Talatin da Bakwai

Ku samarin da kuka kafa tebur a bakin gidan shari'a kuna rubuta wa mutane takardun ƙara, na ji abin da kuke faɗi. Kun ce aikin nan ba wani abu ba ne: mutum ya zauna, ya faɗi damuwarsa, ka danna ordinater, wato kwamfuta, takarda ta fito da ɗuminta, ya tashi. Ramatu ɗiyar ƙanena, wadda ke karatun shari'a a Yamai, ta ƙara muku ƙarfi da ta zo hutu. Ta ce manya suna ta zama don daidaita ƙa'idojin ƙara na ƙasashe, yadda takardar da aka rubuta a Madawa za ta yi aiki a hayin iyaka ba sai an sake ta ba, kuma mutum ɗaya zai iya tsaya wa mutum dubu. Kuka tafa mata. Ni ban tafa ba, ina riƙe da kofin shayi. Amma zan ba ku labari, kuma daki-daki zan bi shi. Wanda ke da tambaya ya riƙe ta sai na gama.

Karatuna na lakwal a aji shida ya tsaya. Da satifikata a aljihu mahaifina ya kai ni wurin Mushe Gado, wanda ya yi tafinta shekaru da yawa kafin ya ajiye ya kafa tebur a gindin itacen bedi, daidai inda mai fotokopi yake yanzu. Kayan aikinsa ba su da yawa. Tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya da ake tokare wa da dutse. Mashin ɗin buga takarda mai nauyin ɗan maraƙi, wanda ni ke ɗauko shi da safe in mayar da yamma. Karbon, katakon jan layi, allura da zaren ɗinke takardu, da gwangwanin tawadar dangwala yatsa. Wata uku na yi ban taɓa mashin ba. Layi kawai nake ja, ina sa lamba a gefe, ɗaya, biyu, uku. Tun daga nan lamba ta shiga jinina, har matata ta ce ko ƴaƴana na tashi kira sai na bi su a jere.

Takarda ta farko da ya bar ni na rubuta ta wata mata ce daga Buza, wadda maƙwabcinta ya toshe mata hanyar ruwa har katangarta ta faɗi. Ta fara labari daga kakanta, ni kuma na bi ta, na cika shafi huɗu, ina jin kaina. Mushe Gado ya karanta layi biyu, ya ninke sauran ya tokare ƙafar tebur da su. Ya ce, "Yaro, mutum ba ya zuwa da ƙara, da labari yake zuwa. Kai za ka tsamo ƙarar daga ciki. Wane ne shi, wa yake ƙara, me aka yi masa, tun yaushe, me yake so alƙali ya yi. Biyar. In ka sa na shida, na kanka ne." Muka sake ta cikin layi tara.

Dangwala yatsa ma da kuke gani ilimi ne. Babban yatsan manomi ya sha ƙotar hauya, ya yi santsi kamar bayan ƙwarya. In ka sa shi a tawada haka nan, baƙin tabo kawai za ka samu. Sai ka ba shi ruwa ya jiƙa hannu, ya goge, ka kama yatsan da kanka ka mirgina shi daga hagu zuwa dama sau ɗaya. Sau ɗaya na ce. Mai yatsan zai so ya ƙara dannawa don ya nuna ya yarda ƙwarai, kada ka bar shi.

Babbar ƙa'idar da Mushe Gado ya dasa mini ita ce ta wannan ɓangaren namu: kowa da sunansa yake ƙara. In mutum goma abu ɗaya ya dame su, suna goma za a rubuta, da sunan uba, da gari, da yatsa. Wanda ba ya nan sai ya aiko takardar wakilci. Na ɗauka haka duniya duka take, har shekarar Tudun Kalgo.

Tudun Kalgo ba sunan garin na gaskiya ba ne, amma yana ƙasar Bangi, dab da iyaka. A lokacin Mushe Gado ya rasu, tebur ya zama nawa, har da laƙabin Mushe da ake yi wa ɗan boko. Wata Litinin bayan an gama yankan hatsi, maigarinsu, Arzika, ya zo ya zauna a bencina. Ga abin da na tsamo daga labarinsa. Gidajensu suna Faranshi, kamar yadda tsofaffi ke kiran wannan ɓangaren, fadamar da suke noman albasa kuma tana Ingilishi, wato hayin iyaka, tafiyar da ba ta kai a sha furar safe ta huce ba. Tun kakanni suke nomanta, ba wanda ya taɓa tambayarsu takarda. Lambu talatin da bakwai, kowa da rijiyarsa. Sai ga wani Alhaji na can hayin, ba zan faɗi sunansa ba don ya riga mu gidan gaskiya, ya kewaye ta da waya, ya ce saya ya yi daga hannun wani. Sanyi na gab da shigowa, lokacin dashe ke nan. In sanyi ya wuce, babu albasa a shekarar. In kuma Alhaji ya noma ta ko da rani ɗaya ne, fitar da shi ya zama wani aikin.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, alƙalinmu ba ya hukunci a kan ƙasar da ke hayi. Can za a kai ƙara."

Ya ce, "To Mushe, ka iya ta can?"

Na ce na iya. Ban taɓa rubuta ko layi ɗaya don kotun can ba, amma a ganina ƙara ƙara ce.

Na ja layi talatin da bakwai. Maigari na ɗaya, liman na biyu, sannan maza bisa shekaru, sannan mata masu lambu su huɗu. Ta ƙarshe wata tsohuwa ce, Inna Gwamma, mai fangali shida kacal da ta gada wurin mahaifinta. Wahalar ita ce tun da aka sa waya mazan suka watse bida, wato ci-rani. Ashirin da huɗu na samu a gari. Uku na bi su har Keita, na same su a kan tudu suna jera duwatsun tare ruwa, na jiƙa musu yatsa da ruwan gorata. Ɗaya na kama shi a kasuwar Karofan yana cikin cinikin tunkiya, ya dangwala da hagu don dama tana riƙe da igiya, na sa ya sake. Sauran tara sun yi nisa, wasu Abijan, wasu Agadas. Ta hannun direbobi na aika, suka aiko takardu kowa ya wakilta ɗan'uwansa. Kwana ashirin da huɗu na yi a wannan aikin. Da na ɗinke takardun suka zama dosiye ɗaya, ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba.

Muka tsallaka ni da maigari ranar kasuwa. Magatakardan kotun can, wanda suke kira rajistara, wani siriri ne mai fara'a, Malam Shehu. Ya karɓi dosiye ɗin da hannu biyu, ya auna nauyinsa.

Ya ce, "Mushe, ƙara kunka kawo ko ƙidayar jama'a?"

Na ce, "Masu ƙara talatin da bakwai ne, ga su a jere."

Ya buɗe, ya ga Faransanci, ya rufe. Ya ce, "Ku mutanen Faranshi, Allah ya ba ku haƙuri da tawada. Mu nan in jama'a abu guda ya dame su, mutum guda ka tsayawa. A rubuta wane, don kansa da kuma a madadin masu lambun wuri kaza. Sauran su yarda da shi, shi ke nan. Wannan duka," ya ɗaga kwana ashirin da huɗuna sama, "layi guda ne."

Na ji zafi, amma na ga sauƙi. Ya ce in takarda ta shiga yau, alƙali zai saurare mu ranar Alhamis ta sama, kwana tara ke nan. Ya ba ni aron mashin ɗinsa, na buga da Hausa. Da na zo wurin suna, ban yi dogon tunani ba. Wa ke lamba ɗaya? Maigari Arzika. Na buga shi. Maigari ya gyara zaman rawaninsa.

To, ku da kuka tafa wa Ramatu, ga mutum ɗaya ya tsaya wa jama'a. Ku saurari abin da ya biyo baya.

Bayan sallar la'asar na karanta takardar a ƙofar masallacin Tudun Kalgo. Na gama, ba wanda ya ce madalla. Sai wani dattijo, Bawa, lamba biyar a jerina, ya matso.

Ya ce, "Mushe, ban ji sunana ba."

Na ce, "Baba, kana cikin masu lambun. Haka ake yi a can. Suna ɗaya ya isa."

Ya ce, "Suna guda." Ya juya ya dubi jama'a. "Kun ji ko? Suna guda." Sannan ya dawo kaina. "Kai ɗan birni ne, ba ka san mi ya kawo mu nan ba. Kakanninmu can arewa sunka zauna. Su ka noma, su ka ginar rijiya. Da Nasara ya zo da littahinai, anka rubuta su duka ƙarƙashin sunan mutum guda, wai shi ka tsaya musu. Ranar da anka yi gardamar gona, anka buɗe littahi, babu su ciki. Da ƙahwa sunka taso har nan. Yanzu kai kuma ka zo muna da suna guda."

Maigari ya fusata. Ya ce, "Bawa, ni za ni cinye muku hwadama? Ni?"

Bawa ya ce, "Kai a'a, ranka shi daɗe. Kai mun san ka. Amma ɗiyanka maza goma sha ɗaya, ban gama sanin halinsu ba. Takarda kuwa ba ta mutuwa ranar da ka mutu."

Aka yi dariya, amma gajeriya. Sai Bawa ya miƙo mini hannu ya ce, "Ba ni yatsata."

Na ce, "Wace yatsa?"

Ya ce, "Wadda na dangwala. Ga reza, kankare ta ka ba ni abina."

Kafin magariba mutum goma sha tara sun ce a kankare tasu. A duk shekarun da na yi wurin Mushe Gado bai koya mini yadda ake mayar wa mutum yatsarsa ba. Na rungume dosiye ɗin a ƙirji na ce ba mai taɓa shi da reza, a ba ni kwana uku. Laifin nawa ne, kuma na san shi: na tambayi Malam Shehu yadda ake yi a can, ban tambayi mutanen da za a yi wa ba.

Kwana na ɗaya na kawo sunan liman. Aka ce liman mutumin kirki ne, amma yana da ƴaƴa bakwai, babbansu kuma ya iya karatun boko, abin da ya fi muni ke nan. Kwana na biyu na ce to Bawa ya tsaya, tunda shi ya fi kowa tsoro. Ya ce, "Ni? Ai nawa ɗiyan sun hi na maigari haɗama." Duk sunan da na ɗaga, sai a lissafa magadansa a ajiye shi. Maigari ya shige gida ya daina fitowa zaure. Daga bakin gari kuma ana hango mutanen Alhaji a cikin waya sun fara share fangali.

Kwana na uku da hantsi muna zaune muna ta neman suna, sai ga Inna Gwamma ta dawo daga ɗebo ciyawar akuya. Ta sauke damin, ta tsaya daga gefe kamar yadda mata ke yi.

Ta ce, "Ɗan nan mai lamba, har yanzu ba ku samu ba?"

Na ce, "Ba mu samu ba, Inna."

Ta ce, "To rubuta ni."

Wani ya yi dariya. Ta dube shi har ya daina. Ta ce, "Ba ɗa, ba jika, ba ƙane, ba wa. Dangina duk sun riga ni. In na cinye hwadamar, wa za ni bar ma? Akuyata?"

Aka sake yin dariya, sai kuma kowa ya shiga lissafi a zuci. Bawa ne ya fara magana. Ya ce, "Wallahi Gwamma ta hi mu hankali."

Ni ne na ƙi. Na ce, "Inna, ke ce lamba talatin da bakwai. Ba a ɗauko na ƙarshe a kai shi farko. Tsari ya lalace."

Ta ce, "Wa ya sa ni ta talatin da bakwai?"

Na ce, "Ni."

Ta ce, "To ashe ba daga sama ta sauko ba."

Liman ya tashi ya shiga wurin maigari. Ban san abin da ya gaya masa ba, amma sun fito tare, maigari ya ce shi da kansa zai raka Gwamma gaban alƙali, don ba a barin tsohuwar gari ta tsallaka iyaka ba jagora. Kowa ya ce haka ya dace, rawani ya koma daidai. Inna Gwamma kuma ta kafa nata sharaɗin: ba za ta buɗe baki a kotu ba sai an kira sunan kowa, ɗaya bayan ɗaya, alƙali yana ji.

Na koma masaukina na shimfiɗa takardun biyu a kan tabarma, ta can mai layi ɗaya, da tamu mai layi talatin da bakwai. Kowace ita kaɗai ba ta isa ba. Tamu ba za ta shiga kotunsu ba, tasu ba za ta shiga Tudun Kalgo ba. Na buga sabuwa irin tasu da sunan Gwamma. Na sake jan layi talatin da bakwai da Hausa, na rubuta a sama cewa waɗannan su ne masu lambun, kowa da rijiyarsa, kuma sun yarda Gwamma ta yi magana da bakinsu, ba ta mallaki ko taki ɗaya na lambun wani ba. Ban yarda in ɗora sabon kai a kan tsofaffin yatsu ba, wannan ba aikin mai tsoron Allah ba ne. Na sake bin su da ruwa da tawada. Waɗanda ke bida ƴan'uwansu suka dangwala musu. Sannan na ɗauko allura na ɗinke biyun wuri ɗaya, tasu a sama, tamu a ƙasa.

Malam Shehu ya gan ni ya riƙe baki. Ya ce, "Mushe, ka sake dawo muna da kayanka?"

Na ce, "Ta sama taku ce. Ta ƙasa tamu ce. Nuna mini inda ƙa'idarku ta hana a ɗinka."

Ya buɗe littafinsa, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, "Ba ta ce a yi ba."

Na ce, "Ta ce kada a yi?"

Ya ce, "Ba ta ce ba." Ya buga hatimi. "Amma maigari ya koma tsohuwa cikin mako guda, wannan sai ku mutanen Faranshi."

Ranar Alhamis ɗin da aka sake sa mana muka cika kotun. Alhaji ya zo da lauya, wani matashi mai baƙar jaka. Ya karanta shafin sama kawai, ya dubi Inna Gwamma, ya yi murmushi. Ya ce wa alƙali abin bai kai a ɓata wa kotu lokaci ba. Mai ƙara tsohuwa ce mai fangali shida. Alhaji mutum ne mai tausayi, ya yarda ya bar mata shidanta, ya ƙara mata shida, ya sa a gyara mata rijiya, a rufe magana yau.

Na ji Bawa ya ja numfashi a bayana. Abin da ya ji tsoro ke nan, ga shi ya zo ta wata ƙofar. In ta ce to, an gama, don sunanta ne a sama.

Alƙali ya ce, "Inna, kin ji. Mi kin ce?"

Ta ce, "Allah gahwarta Malam, sha biyu sun yi mini yawa, shidan ma da ƙyar nike ban ruwa. A kira sunaye tukuna."

Alƙali ya ce, "Wane sunaye?"

Malam Shehu ya tashi ya ɗaga masa shafin sama, ya nuna abin da ke ɗinke a ƙasa. Alƙali ya duba, ya tambayi wanda ya yi wannan ɗinki. Na miƙe. Ya ce tunda ni na jera su, ni zan kira su. Na gyara murya na fara. Na ɗaya, Arzika. "Na'am." Na biyu, liman. "Na'am." Na bi su a hankali, ban tsallake kowa ba. Inda mai suna ke Abijan, ƙanensa ya amsa ya ce shi ne a madadinsa. Lauya ya zauna tun muna lamba goma sha biyu. Da na kai talatin da bakwai na ce Gwamma, ta ce, "Ga ni. Yanzu a tambaye ni."

Alƙali ya sa rana ya fita duba fadamar da kansa. Ya ce kowa ya tsaya bakin rijiyarsa. Suka tsaya, kowa ya faɗi wanda ya gina ta da maƙwabcinsa na gabas da na yamma, maganarsu ta zo ɗaya. Mutumin da aka ce shi ya sayar wa Alhaji aka ce ya nuna tasa rijiyar. Ya yi ta yawo cikin fangali har ya tsaya a ta Bawa. Bawa ya ce masa, "Sannu da zuwa, sai dai ban da guga."

Zama biyu aka ƙara, aka yanke hukunci, aka kwance waya. Sai dai sanyi ya riga ya raba. An yi dashe a makare, albasar shekarar ta fito ƙanana, zafi ya kama ta tun ba ta ƙosa ba. Shekara ce mai wuya a Tudun Kalgo, kuma kwana ashirin da huɗuna da kwana ukun gardama suna cikin abin da ya jawo. Ban ɓoye wannan ba. Amma fadama ta dawo. Takardar hukunci ta fito da sunan Gwamma a sama, da jerin nan a ɗinke a ƙasa, kowane shafi da hatimin kotu. Tana cikin akwatin ƙarfe a gidan liman har yau. Inna Gwamma kuwa ta samu abin tsokanata har ƙarshen ranta. Duk inda ta gan ni sai ta ce, "Ɗan nan, gaida ni da kyau. Ni ce ta ɗaya a Ingilishi, ta talatin da bakwai a Faranshi."

Da Ramatu ta gama yi muku bayani ran nan, na ce ta nuna mini irin takardar da ake shirin yi. Ta buɗe salula ta nuna mini wani samfur da malaminsu ya ba su. Tsaf da shi, ba ƙarya. Akwai layi ɗaya na sunan wakili. Na ce, "Ina wurin sauran?"

Ta ce, "Baba, ai don a sauƙaƙa aka yi haka."

Na ce, "Na sani. Ni ma sau ɗaya na sauƙaƙa."

Ba na ƙin a daidaita. Wanda ya bi mutum har Keita da gorar ruwa don yatsa ɗaya ba zai ƙi sauƙi ba, kuma ƙa'idar Malam Shehu ta fi tamu tausayin mai tafiya bida. Abin da na ce mata ta gaya wa malaminsu uku ne. Na ɗaya, a bar wurin da za a rubuta sauran, ko da a baya ne. Na biyu, a rubuta ƙarara cewa wakili ba ya sulhu shi kaɗai, don ba kowane gari ke da Gwamma ba. Na uku, kada mai rubutu ya zaɓi wakili, jama'a su zaɓa, ko da za su kwana uku suna lissafin ƴaƴan juna. Ta rubuta a salularta. Ko ta kai, ban sani ba.

Ku kuma, in jama'a suka zo teburinku da damuwa ɗaya, kafin ku danna komai ku tambaye su wa suka yarda ya tsaya, kuma me ya sa. Ordinater ba zai tambaya muku ba.

Tun daga shekarar da albasa ta dawo daidai, duk rani sai an aiko mini da kwando daga Tudun Kalgo, kowane lambu albasa ɗaya. Ban roƙa ba, ban kuma hana ba. Nakan zube su a kan tebur in ƙidaya, don haka aka koya mini. Inna Gwamma ta rasu shekaru shida ke nan, ba ta bar kowa ba sai akuya. Bana ma kwandon ya zo. Na ƙidaya sau biyu, don ba na son kuskure. Talatin da bakwai.